Hasken da Kaji Ke Gani

Ni dai ban ɓoye wa mijina Viggo ba. Na ce masa ranar Lahadi 'yarmu Signe za ta zo da mijinta, na yi musu alkawarin romon kaza da 'yan curin fulawa, kuma in Bodil ba ta yi ƙwai kafin nan ba, ita ce a tukunya. Bodil ce tsohuwar kajinmu, ja, mai neman faɗa, kuma wallahi mijina ya fi hira da ita a kaina.

"Haba Tove, ki ba ta lokaci mana."

"Tun shigowar sanyi nake ba ta lokaci. Gidan tsofaffi na buɗe?"

Nuwamba ce, kafin ƙarfe huɗu rana ta yi nata wuri. Kaza kuwa in yini ya gajarta sai ta riƙe ƙwanta, shi ya sa kowa a ƙauyenmu ke sa musu fitila a akurki. Amma Viggo ba zai yi irin na kowa ba. Gyaran rediyo da talabijin ya yi har mutane suka koyi jefar da su, to hannun bai daina ƙaiƙayi ba. Ya ce kunna fitila farat ɗaya razana kaji ne, shi zai haɗa wadda za ta riƙa haske a hankali kamar ketowar alfijir. Ga shi ɗan asalin yankin Jylland, inda aka san mutane da tsimi, ba ya sayen abin da zai iya tsinta. Sai ya farke tsofaffin fitilun Kirsimeti, ya ciro ɗan cif, wato 'yar na'urar da ke rage musu haske, ya haɗa.

Garin neman gira aka rasa ido. Ƙwan da muke ɗan samu ma ya ɗauke. Kajin suka koma tsattsagar juna, Bodil ta zama ba gashi a wuya, duk sun cure a lungu guda. Abin ya ɗaure mini kai, don hatsi bai canza ba, ruwa bai daskare ba, kuma babu alamar dila.

Ranar Alhamis da yamma kekena ya yi faci. Rumfar da ke jikin akurkin ce wurin da ya fi kusa, na kifa shi a bakin ƙofa inda hasken fitilar ke faɗowa. Da na gama liƙewa na juya tayar don in ga ko ta zauna daidai. Sai na ga abin mamaki. Taya na gudu, ina jin iskarta a hannuna, amma wayoyin cikinta sun tsaya cak. Can kuma suka fara tafiya da baya.

"Viggo! Zo ka ga ikon Allah!"

Ya fito da silifas a cikin taɓo. Ya juya tayar, ya kalla, ya sake juyawa. Ya kai keken ƙarƙashin fitilar kicin, wayoyin suka ɓace kamar yadda suka saba. Ya dawo da shi akurki, suka sake tsayawa.

"Ƙiftawa take yi," in ji shi a hankali.

"Wa?"

"Fitilar. Ai cif ba rage wuta yake yi ba, kunnawa da kashewa yake yi da sauri. In ya daɗe a kunne, haske ya yi yawa. In ya daɗe a kashe, ya dushe. Idonmu malalaci ne, sai ya haɗe su ya ga haske ɗaya."

"To idon kaza fa?"

Ashe su ƙiftawar suke gani. Ya tsaya yana kallon kajin da suka cusa kai a lungu, na ga wuyansa ya yi ja. Tausayinsa ya kama ni, amma ban nuna ba.

Washegari maƙwabcinmu Aksel ya shigo shan kofi, wanda ba a taɓa gayyatarsa ba kuma bai taɓa fashi ba. Da ya ji labari ya yi dariya har da ƙwalla.

"Wato gidan rawa ka buɗe wa kaji, tsoho! Saura kiɗa."

"Ci kek ɗinka ka rufe mini baki," in ji Viggo.

Suka baje tarkace a kan teburina, aka shiga gardamar wane cif za a sa. Aksel ya ce a sayi irin na zamani da ake rubuta wa umarni da kwamfuta. Cif ɗin da kansa zai san asuba ta yi, ya ɗaga haske, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sai dai odarsa ake yi, sai mako mai zuwa.

"Mako mai zuwa Bodil ta zama tarihi," na ce.

Viggo ya zazzage wani gwangwanin taba, ya tsamo wani ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas kamar kaska.

"Sunansa biyar-biyar-biyar," ya ce. "Ko burodi ya fi shi tsada."

"Wannan ai sa'an kakata ne," in ji Aksel.

Na karɓa na juya shi a tafin hannuna. Na tambaya me ke gaya masa saurin da zai yi. Viggo ya nuna mini wani ɗan abu mai tara wuta da ake kira kwandansa, kamar ƙwayar wake. Ya ce cif ɗin jira yake wannan ya cika ya zube, ya cika ya zube. In ka sa ƙarami, sai ya riƙa cika da wuri, ƙiftawar ta kai dubbai kafin ka ce kwabo, ko shaho ba zai gani ba.

"Amma ba shi da agogo a kai," Aksel ya ce. "Wa zai riƙa murɗa masa haske kullum da asuba, cikin wannan sanyi?"

"Ni," in ji Viggo.

Aksel ya dube ni, na dube shi. Mutumin da sai na ja bargo yake tashi!

Kafin azahar ƙaurin dalma ya cika gidan. Da aka kunna, ni na fara kawo kekena. Na juya taya, wayoyi suka ɓace sumul. Zuwa Asabar kajin sun bar lungu suna tone-tonensu. Amma ƙwai, ko ɗaya.

Lahadi da safe na ɗora ruwa a wuta, na ɗauki ɗan gatarina na nufi akurki. Na tarar da Viggo zaune a kan bokiti da rigar sanyi a kan kayan barci, yatsunsa sun yi shuɗi a kan abin murɗawar, Bodil na kan cinyarsa. Bai roƙe ni ba. Miƙo mini ita kawai ya yi.

Na kifa ta a hannuna na laluba ƙasusuwan nan biyu na ƙarƙashin wutsiya, yadda duk mai kiwon kaji ke yi. In yatsu uku suka shiga tsakaninsu, ƙwai na hanya. In ba su shiga ba, babu labari. Viggo ya san wannan, sai dai bai taɓa iya aunawa ba.

Biyu ne, su ma da kyar.

"Nawa?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Uku," na ce. "Tashi ka tayar da mota, kafin kazar kanti ta ƙare."