Kwafin da Baba Raufu Ya Ajiye

Maiwada tela bai ko wanke ƙafa ba daga dawowarsa ofishin inshora na Zariya aka ce maƙwabcinsa Baba Raufu na kira. Ya tsallaka kwatar da ta raba gidajensu, har yanzu ƙaurin gobarar da ta ci gidan Maiwada makon jiya bai bar layin ba.

Ya tarar da tsohon kwance a kan katifa, ƙafafunsa a kumbure, matarsa Iya Abike na yi masa fifita. Shekara talatin ke nan da zuwansa Funtuwa daga Ogbomosho, yana gyaran agogo, yana kuma wakiltar wani kamfanin inshora.

"Me suka ce maka, Malam Maiwada?"

"Wai ginin kawai za su gyara, Baba. Keken ɗinki biyu da sarƙar gwal ɗin matata Sakinatu ba sa ciki. Da me zan ci da yara?"

Baba Raufu ya yi tari, ya nuna ƙarƙashin gado. Iya Abike ta jawo wani gwangwanin biskit, ta zaro takarda mai ruwan ɗorawa.

"Ka tuna bara da kaka, da ka sayar da auduga? Na sa ka kawo rasidin kekuna, muka kai sarƙar wurin maƙerin zinariya ya auna. Ka yi ta mita, wai ina son cinye maka kuɗin taki."

Maiwada ya sunkuyar da kai. Shi a zatonsa duk abu ɗaya ne, kuma takardunsa sun ƙone.

"Inshorar gida daban, ta kaya daban. Wannan kwafin ta kayan ce. Ɗauko biro."

Kusan awa guda yana faɗar wasiƙar neman diyya Maiwada na rubutawa, sai ya ja numfashi tsakanin kalma da kalma. Iya Abike ta ce ya bari sai gobe.

"Goben ba a hannuna take ba," in ji shi. Ya sa hannu.

Ran Laraba ma'aikacin kamfanin ya zo a babur, ya duba ƙarafunan da suka ƙone, ya gwada lambobinsu da na takardar, ya ce za a biya. Maiwada ya ruga ya faɗa wa tsohon. Baba Raufu ya matse masa yatsu.

Da hantsin Juma'a ya cika.

Da aka kawo farin yadin likkafani, wani ya ce a kai kasuwa wurin masu keke.

"Ku bar mini," in ji Maiwada.

Ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gidan, ya ɗora yadin a cinya. Sau uku yana neman kafar allura, idonsa na hana shi. Sai Iya Abike ta fito, ta karɓa ta zura masa zaren, ta koma ciki. Ya fara ɗinki, ƙanana-ƙanana, yadda ake yi wa rigar ango.