Alhaji Wa?

Nas ɗin ta ɗago kai daga kwamfutar da ke gabanta, ta maimaita tambayar a hankali, kamar tana magana da wanda Turanci bai zauna masa ba.

"Sunansa nake tambaya. Ka ce abokinka ne."

Kamal na tsaye a gaban teburinta. Har yanzu rigar motsa jikinsa a jiƙe take da gumi, gwiwar wandonsa duk ciyawa. Can cikin ɗakin gaggawa, bayan ƙofar da aka hana shi wucewa, likitoci na kan mutumin da ya rako a motar asibiti.

"Alhaji," ya ce.

Ta fara bugawa. "Alhaji wa? Sunansa ne ko na mahaifinsa?"

"A'a, ba suna ba ne. Kira ne na girmamawa, a wurinmu."

Ta ɗauke yatsunta daga kan madannan. A katin da ke ƙirjinta an rubuta Selina. Ba ta harare shi ba, ba ta kuma yi murmushi ba, kallonsa kawai take yi tana jira. Da ma hararar ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Tun yaushe ka san shi?"

"An daɗe," ya ce. "Shekaru."

Gaskiya ya faɗa. Tun bazarar da likita ya ce masa ya rage zama ya riƙa tattaki suka haɗu, a hanyar da ta bi gefen rafi a bayan dogayen benayen yammacin Alexandria. Kamal injiniya ne ɗan Zariya, yana aiki da wani kamfanin da ke yi wa gwamnati kwangila. Wata safiyar Asabar yana tafe yana waya da ƙanwarsa, sai wani dattijo mai furfura a gemu ya tsaya cak a gabansa, ya ce da Hausar zangon Kumasi, "Kai, ɗan'uwa, daga ina?" Suka gaisa, suka faɗa wa juna suna. Kamal ya tuna an faɗa. Sai dai a daidai lokacin hankalinsa na kan wayar da bai kashe ba, sunan ya shiga ta nan ya fita ta can.

Asabar ta gaba ya ce a ransa zai tambaya, sai dattijon ya hango shi daga nesa ya ɗaga hannu, "Malam Kamal!" Wa zai amsa wannan da cewa tuna mini sunanka? Ya ce, "Alhaji, barka da asuba." Shi ke nan, Alhaji ya zauna. A wayarsa ma Alhaji Tattaki ya rubuta.

Sau da yawa yakan yi mamakin abin idan yana tuƙi zuwa ofis. Tambayar da ba ta da nauyin komai a rana ta farko, me ke sa ta yi nauyi a ta biyu, ta zama abin kunya bayan wata, ta koma kamar cin amana bayan shekara? Mutum zai iya tambayar baƙo sunansa a tashar jirgin ƙasa ba tare da ya ji komai ba, amma ba zai iya tambayar wanda ya san ciwon gwiwarsa ba. Yakan yi dariya shi kaɗai, ya ce wata rana wani zai kira sunan a gabansa. Ba wanda ya kira. Masallacinsu ba ɗaya ba, gidajensu ba ɗaya ba, hanyar rafin nan ce kawai tasu.

Yau da safe suna cikin tafiya, Alhaji na ba shi labarin wani mai gyaran mota, sai maganar ta fara harɗewa. Bakinsa ya karkace, ƙafarsa ta dama ta ƙi ɗaukarsa. Kamal ya tare shi suka zube tare a kan ciyawa. A aljihun Alhaji babu komai sai makulli da waya a kulle.

"Ranar haihuwa fa?" in ji Selina. "Ko adireshi? Da suna kaɗai ma zan iya nemo tarihin lafiyarsa, in ya taɓa zuwa nan."

"Benen da ke kusa da gada yake. Ban san hawa na nawa ba."

Ƙofar ta buɗe, wani likita ya fito da sauri, ya nufo shi. "Kai ka zo da shi? Ƙarfe nawa abin ya fara?"

Kamal ya faɗa masa.

"Ka san ko yana shan wani magani? Musamman mai tsinka jini. Da muhimmanci ƙwarai, don akwai allurar da ba za mu yi masa ba in yana sha."

"Yana sha," Kamal ya ce da sauri. "Tun bara, saboda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai. Da na hawan jini. Ba shi da ciwon suga. An taɓa yi masa aiki a gwiwar hagu."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata. Kullum yana ƙorafin ko aski ya yi ya ɗan yanke, jinin ba ya tsayawa."

Likitan ya gyaɗa kai ya koma. Selina ta rubuta abin da ta ji, sannan ta dube shi da wani irin kallo da ya kasa fassarawa. Ya koma kan kujerar roba ya zauna, wayar Alhaji a hannunsa.

Ya san mahaifiyar mutumin nan ta rasu a Kumasi ba tare da ya samu zuwa jana'iza ba, domin a gabansa ya tsaya jikin wata bishiya ya yi kuka. Ya san ya yi shekaru yana tuƙa motar haya kafin ya buɗe ɗan shagon kayan abincin gida. Ya san ba ya cin kuɓewa. Shi kuma Alhaji ya san abin da ko Tayyiba, matar Kamal, ba ta sani ba: watannin da aka yi ana raɗe-raɗin za a sallame shi daga aiki, yana fita da safe da murmushin ƙarya. Duk wannan, amma da Allah zai karɓi ransa a bayan ƙofar can, gawar da ba ta da suna za a rubuta, alhali abokinsa na zaune a waje.

Wayar ta yi ƙara a hannunsa har ya firgita. Mufeeda, aka rubuta. 'Yar Alhaji ce, wadda ke karatun haɗa magunguna. Ya ɗauka, ya yi mata bayani a taƙaice, ta fasa kuka. Selina ta miƙo hannu ya ba ta wayar. Ta saƙale ta a kafaɗa tana saurare tana bugawa. "Maimaita mini harafi-harafi. Yawwa. Na same shi." Ta mayar masa da wayar.

Sunan na nan a fuskar kwamfutar, taku biyu daga inda yake tsaye. Ya ji harshensa ya motsa zai ce, me ta ce miki? Sai ya tuna yadda ta dube shi ɗazu, ya koma ya zauna.

Kafin azahar suka iso, Mufeeda a gaba da makullin mota a hannu, mahaifiyarta Hajiya Sadiatu a baya, mayafinta a karkace. Kamal ya miƙe ya ɗan rusuna.

"Hajiya, sannu. Ya mai jiki? Allah ya ba shi lafiya."

"Amin, amin." Ta tsaya tana dubansa, idonta cike da hawaye. "Kai ne Malam Kamal. Ba sai an faɗa mini ba. Baban Ilham, ko? Yaya ta ji da hannun da ya karye? Ai Baban Mufeeda ba shi da zance sai naka. In ya idar da sallar asuba, da sunanka yake maka addu'a, kai da iyalinka."

Kamal ya sunkuyar da kai yana kallon ciyawar da ta manne a takalminsa. "Allah ya saka da alheri," ya ce, muryarsa can ƙasa.

Mufeeda ta dawo daga wurin nas ɗin, ta ce masa da Turanci, "Kawu, sun ce abin da ka gaya wa likita game da maganinsa ya taimaka sosai. Nas ɗin ta ce ka ruɗe har ka kasa faɗin sunansa." Ta share ido, ta ɗan yi dariya. "Ni ma da ni ce, ko nawa ba zan tuna ba."

Ya ɗaga ido ya dubi Selina. Tana can tana duba wasu takardu, ba ta waiwayo ba. Ashe haka ta faɗa musu. Ta rufa masa asiri ba tare da ya roƙa ba, shi kuma ya tsaya a wurin ya karɓi rufin, ya ce, "Haka ne, abin ya zo ba zato." Kunyar wannan ta fi ta ɗazu zafi.

Sai bayan la'asar aka bari su shiga. Alhaji na kwance, an ɗaga masa kai, robar ƙarin ruwa a hannunsa. Bakin bai gama komawa daidai ba, amma idanun nasa ne. Likita ya ce abin ya zo da sauƙi, maganar za ta dawo a hankali.

"Malam Kamal," ya ce, kalmomin na fita da nauyi. "Na katse maka tattaki."

"Haba Alhaji. Sannu. Sannu ƙwarai."

Ya miƙo hannun hagu, Kamal ya kama. A wuyan hannun an ɗaura farar robar nan ta asibiti mai ɗauke da sunan majiyyaci, rubutun ya juya ta ƙasa. Ɗan murza hannun kawai zai yi, kamar mai gyara riƙo, ya karanta, magana ta ƙare har abada ba wanda ya sani. Babban yatsansa har ya taɓa gefen robar. Sai ya ɗora tafinsa a kai ya rufe ta.

"Alhaji," ya ce. "Don Allah, yaya sunanka?"

Sai Hajiya Sadiatu ta tafa hannu. "Oh, Malam Kamal, kai ma? Tun ɗazu likitoci ke yi masa wannan. Yaya sunanka, yau wace rana, a ina kake. Hankalinsa na nan garau, alhamdulillahi. Baban Mufeeda, faɗa masa ya ji, hankalinsa ya kwanta."

Mufeeda ta yi dariya. Kamal ya so ya ce ba haka ba ne, sai ya mai da idonsa kan Alhaji.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon fuskar Kamal, sannan ya dubi tafin da ya rufe robar, ya sake dubansa. Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan ɗaga.

"Hayatudeen," ya ce. "Hayatudeen Braimah."

"Ka ji ko?" in ji Hajiya.

Amma Alhaji bai saki hannun ba. Ya ƙara matse shi, ya rage murya yadda su biyu kaɗai za su ji, ya sake faɗa a hankali, gaɓa-gaɓa, yana tsayawa bayan kowace, har sai da ya ga leɓen Kamal na motsi tare da nasa.