Hoton da Ke Ɓacewa da La'asar

Sati biyu Baba yana kirana a kan talabijin ɗin nan, kuma kullum da la'asar kiran yake zuwa, daidai lokacin da shagona na gyaran waya da kwamfuta ya cika da mutane.

"Uwata, hoton ya sake tafiya."

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Baba mai zanen gini ne, shekara talatin da ɗaya yana zana wa mutane gidaje. Bara ya ce allon kwamfutarsa ya yi masa ƙanƙanta, ya kinkimi talabijin ɗin falo ya kai ɗakin aikinsa, ya bar Umma da rediyo. Ni na haɗa masa shi da kwamfutar, tun daga ranar kuwa ban huta ba.

Abin ya wuce wasa da Injiniyan da ke ba shi aiki ya dawo masa da zane biyu a jere. A ɗaya ya sa takwas inda ya kamata ya sa uku, har magina suka haƙa harsashi a filin maƙwabci. Injiniya ya ce zanen makarantar da ke hannunsa shi ne gwaji na ƙarshe. In bai kawo shi daidai ranar Alhamis ba, matasan ofis za a riƙa ba aikin. Baba ya ce laifin talabijin ne, yana tsakiyar aiki sai ya ɗauke.

Ranar Litinin da safe na je. Na tarar da allon baƙi ƙirin, ga ɗan rubutun nan yana yawo yana cewa babu sigina. Na leƙa baya, ashe kan wayar da ta haɗa shi da kwamfutar ne ya lanƙwashe, tsintsiyar Umma ta sha dukansa. Na sa sabuwa, na mayar da ita rami na biyu, na ɗauki rimot na zaɓi ramin. Hoto ya fito tangaran. Na karkaɗe hannuna na ce shi ke nan, a bar ni in sarara.

Ina! La'asar na yi ya kira. Talata ma haka.

Da na rufe shago na koma a fusace, na samu hoton lafiya lau. Duk da haka ban bar komai ba. Na hana kwamfutar yin barci. Na rage girman hoton, ko ya fi ƙarfin tsohon talabijin ɗin ne. Na jona tawa kwamfutar, ta yi aiki sumul. Sannan na rubuta masa a takarda na manna a bango: a kashe duka biyun, a zare waya, a ƙirga talatin, a mayar, a fara kunna talabijin kafin kwamfuta.

"Wai in ya tafi, me kake gani?" na tambaye shi. "Baƙi ko shuɗi?"

"Fari fat."

"Haba Baba! Ai ba ya yin fari."

"To ƙarya nake yi ke nan?"

Umma ta leƙo daga ƙofa ta harare ni, na sunkuyar da kai. Amma a raina na ce tsufa ne kawai da rigima, wani maɓallin yake dannawa ya ƙi faɗa. Wannan tunanin har yau ina jin kunyarsa.

Ranar Laraba na sa kwaɗo a shago tun ƙarfe uku. Na ce yau sai na kama ɓarawon da idona. Na ja kujera na zauna a bayansa, yana ta jan layin azuzuwa, hancinsa kusa da allon. Can rana ta sunkuyo ta tagar yamma, ta sauka a kan teburin, ta hau fuskarsa. Sai na ga hannunsa ya tsaya. Ya matsa gaba, ya ja baya, ya soma laluben rimot alhali ga shi nan a gabansa.

"Kin gani ko? Ya tafi."

Zanen yana nan. Azuzuwa shida, ofis, baranda, kowace lamba a wurinta.

Ya miƙe ya nufi bango zai zare waya, yana faɗin matakan da na rubuta ɗaya bayan ɗaya, ko kallon takardar bai yi ba. Jiya da nake rubutawa ina faɗa ne ya haddace. Na riƙe hannunsa na juyo da shi wajen haske. Wata farar yana ce ta rufe ƙwayar idonsa, kamar an ɗiga madara a ruwa, ta dama ta fi kauri. Wallahi kullum ina gaishe da mutumin nan, amma na manta rabon da in kalli idonsa.

Na saki labule, ɗakin ya yi duhu-duhu.

"Ya ɗan dawo," ya ce a hankali.

"Bai je ko'ina ba, Baba."

Bai yi musu ba. Ya koma kujerarsa ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in ɗauko talabijin ɗin. Da safe ina lallaɓawa. In rana ta juyo, shi ke nan." Sannan ya ce, "Uwata, ki kira Injiniya ki ce wayar ce. Ke zai yarda da ke, sana'arki ce."

Na ji tausayinsa, na kuma ji haushi.

"Ba zan faɗa ba. Yara ne za su zauna a ƙarƙashin rufin nan. Juma'a da sassafe za mu asibitin ido, ko kana so ko ba ka so. Injiniya kuma da bakinka za ka gaya masa."

"Zanen fa? Gobe ne."

Na ja kujerata kusa da tasa, na jawo allon maɓallan kwamfutar gabana.

"Ni zan karanta, kai ka saurara. Bangon gabas, aji na farko, mita uku."

Ya rufe idanunsa. Leɓɓansa suka ɗan motsa, yana lissafi.

"Takwas ne," ya ce. "Gyara. Karanto na gaba."