Allon da Maliki Ya Bar wa Ruwa

Shekarar da aka samu mulkin kai, tsofaffin sojan da suka dawo daga yaƙin Bama suka gina zauren ƙungiyarsu a wani ƙauyen Ngaski, bakin kogin Kwara. Maliki, wanda ya yi dakon harsashi a yaƙin, shi ya kwaɓa ƙasar ginin har ƙafarsa ta tsage. Amma da aka rataye allon sunaye, sai ga Saje Cindo a sama, shi kuwa Maliki can ƙasa, inda sai an duƙa ake ganinsa.

Shekara takwas abin yana cin ransa. Cindo bai taɓa yi masa komai ba, kuma wannan ya fi komai ba shi haushi.

Da aka tare ruwa a Kainji, aka ce kowa ya tashi, tafki zai ci garin. Maliki ke da kwalekwale, shi aka sa kwashe kayan zaure. Ya loda benci, ya loda tuta da ganga. Allon kuwa, harararsa ya yi, ya bar shi a bango. Da aka tambaya ya ce jirgi ne ya cika. Kafin a koma, ruwa ya shafe zauren. Ranar Maliki ya ci tuwo har da ƙari.

A sabon gari aka gina musu zauren siminti. Wani malamin ofis, Ishaya, ya zo rubuta sabon allo. Ya ce tun da tsohon ya nutse, kowa ya kawo takardar sallamarsa daga soja.

 Ta Maliki kuwa, gara ta cinye tun da daɗewa.

"Baba, in babu takarda babu suna," in ji Ishaya.

Sai Cindo ya miƙe da sandarsa. "Malam, wanga mutum rami ɗaya munka kwana da shi a Bama. Rubuta shi, ni ash shaida."

Aka tafa, har da masu share hawaye. Ishaya ya rubuta: Maliki, bisa shaidar Saje Cindo.

"Tashi ka gode ma Saje mana," in ji na kusa da shi.

Maliki ya tashi, ya ƙame a gaban jama'a, ya sara wa Cindo. Hannun nan ya yi masa nauyi fiye da duk akwatin harsashin da ya taɓa ɗauka.