Maɓallin "Na Sha"

Idan na'ura ce ta rubuta kuskure, mutum kuma ya amince da shi bai karanta ba, a wuyan wa alhakin yake? Har yau ban samu wanda ya raba mini wannan gardamar ba.

Dogo, autan gidansu, shi da yayarsa suka ƙirƙiri manhajar waya mai tuna wa tsofaffi lokacin shan magani. Waya ta yi ƙara, tsoho ya haɗiye ƙwayarsa, ya danna "Na sha", ta yi shiru sai wani lokacin. Ofishinsu ɗaki ɗaya ne a saman shagon mai tabarau, tebur biyu da fanka mai tari. Tun farko dokarsu guda ce: duk sabon gyara sai an kai shi gida an gwada a tsohuwar wayar Baba, a ɗakinsa na ƙurya inda sabis ba ya shiga.

A makon nan Dogo ya tsallake dokar. Sabuwar manhajar da ake yayi, mai rubuta wa mutum aikinsa, ta gama masa aikin kwana uku kafin shayinsa ya huce. Ya gwada a ofis, komai lafiya lau, ya sakar wa jama'a sabon gyaran.

Da hantsi Yaya ta tsaya a kansa, fuskarta ba annuri.

"Kashe datarka, ka danna 'Na sha'."

Ya kashe, ya danna. Bayan minti goma wayar ta sake yin ƙara, kamar ba a taɓa ta ba. In babu sabis, manhajar ba ta riƙe cewa an sha.

"Mutum dubu huɗu ke amfani da ita, Dogo. Tura musu saƙo yanzu, kada kowa ya bi ƙarar nan."

"Yaya, in muka faɗi haka mun kashe kanmu. Wa zai ƙara yarda da mu? Layi biyu ne, yanzu zan gyara."

"Ka gyara, masu rumbun da ake sauke manhaja su duba, su sake shi jibi. Kafin jibin fa, malam gwani?"

"Wane ne zai sha magani sau biyu don waya ta yi kuka?"

"Wanda ya manta ya sha. Ba don su muka yi ta ba?"

"Ni dai ba zan tura ba."

Shi kaɗai ke iya shiga shafin tura saƙon, don haka ta tsaya tana kallonsa kawai. Yana cikin gyaran wayarsa ta yi ringin. Inna ce. Ya saka ta a sifika, hannunsa na kan aiki.

"Auta, wayar babanku yau lafiyarta kuwa? Tun safe take kuka. Sau uku ke nan yana shan maganin hawan jinin. Yanzu ya miƙe zai shiga banɗaki, jiri ya zubar da shi."

Yatsun Dogo suka tsaya cak.

"Sau uku? Inna, ba ki hana shi ba?"

"Na hana. Ya ce kai ka ce masa in ta yi ƙara ya sha kawai, kada ya yi musu da ita, ta fi shi tunawa."

Ya faɗa kuwa. Da bakinsa, yana dariya, ranar da ya saka masa ita.

Yaya ta fizgi wayar. "Inna, ki ɗauke kwalbar maganin, kada ki bari ya tashi. Ga ni nan, asibiti za mu." Ta ajiye masa wayar, ta ɗauki mukullin mota, ba ta ko waiwaye shi ba.

Yana jin takunta a matakala wayar ta sake yin ƙara a kan tebur, tana cewa lokacin magani ya yi. Ya zuba mata ido. Gidaje nawa ne ke da ɗakin ƙurya irin na Baba?

Ya buɗe shafin. Ya rubuta "An samu 'yar matsala", ya goge. Sannan ya rubuta: "Kuskurenmu ne. Kada ku bi ƙarar manhajar nan. Duk wanda ya sha magani fiye da ƙa'ida ya tafi asibiti yanzu."

Ya danna tura, ya bi yayarsa a guje.