Mijina Yana Wanka

...kuma ko shayin ba ta sha ba. Ga shi nan ya huce. Matar ofishin shige da fice, doguwa, jaka a cinya, murmushinta iya leɓe. Ta tafi, na ji saukarta a bene, amma kujerar har yanzu a lotse take kamar da mutum a kai.

Zuwa ta yi ta ga ko da gaske tare muke zaune, ni da kai, Dogo. Haka dokarsu take. Kai ke da zaman dindindin, ni jela ce. Takardar zamana a jikin aurenmu take rataye, izinin aikina a jikin takardar. Ka saki... duka mu zube.

Ka kuwa saki. Jaka ɗaya, da safe, kana ɗaure agogo. "Kar ki jira ni da abinci." Shi ke nan? Mutum ya ɗauko 'yar mutane daga uwa duniya, sallamarsa ke nan? Wayarka a kashe. A wurin aikinku sun ce ka ajiye. Abokinka mai tasi ya ƙura wa sitiyari ido, wai, "Yi haƙuri matarmu, ni ma nemansa nake."

Lauya ya ce hanya ba ɗaya ba ce. Wani asibiti na iya tsaya mini in na sake jarrabawar ungozoma da yarensu... ni da hannuna ya san kan jariri ko ido a rufe. Ko in je in faɗi gaskiya, an gudu an bar ni, wataƙila su tausaya. Wataƙila. Yana faɗa yana tattara takardun wani. Ko in koma gida. In ce wa Inna me? Jiya Yaya ta kira tana tsokana, wai na samu miji, na samu gidan da ruwan zafi ke fitowa daga bango, na manta da talakawa. Ta ce in ba ta kai ku gaisa. Na ce kana wanka.

Kullum kana wanka. Duk danginmu sun shaida ba a taɓa yin miji mai tsabtarka ba.

Da buroshin haƙori na fara. In jiƙa naka in na jiƙa nawa. Matashin kanka in danna shi da gwiwar hannu. Gashin kaina na yanka ƙanana-ƙanana na barbaɗa kusa da rezarka. Tsohuwar da ke hawan ƙasa da namu kunnenta kamar na zomo, kuma na san ita za su fara tambaya, shi ya sa da yamma nake zura takalmanka in hawo benen da nauyi, ina jan ƙafar hagu yadda kake yi. In buɗe ƙofa in ce na dawo, da maƙogwaro. In amsa da muryata: sannu da zuwa.

Wuri nake riƙe maka. Laifi ne?

Matar ofishin ta leƙa banɗaki. Ta taɓa tawul ɗinka, ta murza yatsu, ta rubuta. Da danshi. Da safe dai na tashi, na wanke kofi biyu, na goge tebur, na... a'a. Tawul bai taɓa faɗo mini a rai ba. Ko na goge hannu ban sani ba? A wancan ƙugiyar da sai na yi ɗage nake kaiwa?

Sai ta ce ta riga ta biya wajen tsohuwar. "Ta yabi mijinki sosai. Shekaranjiya ma shi ya hau mata da kayan cefane har ƙofa."

Shekaranjiya ina wajen lauya.

Tsufa ne, ido ya tafi, wani ta gani. Ko rufa mini asiri take yi? A kan me, matar da gaisuwata ma da hanci take amsawa? Ko kuwa zuwa kake yi in na fita... makullinka na hannunka ai... ka shigo, ka wanke fuska, ka tsaya tsakiyar falon nan ka ga kofinka a jiƙe, ka ga gashin da ba naka ba, ka juya ka ja ƙofa a hankali? In kai ne, kana raye, ni ce ba ka son gani. In ba kai ba ne...

Wa nake kira kullum da yamma? Wa ya amsa?

A bakin ƙofa matar ofishin ta ce komai ya yi. Saura abu ɗaya: mu je ofis tare, a sa kowa ɗakinsa a yi masa tambayoyi. Na ce to, zan faɗa masa in ya dawo. Kuma da na faɗa ban ji ɗacin ƙarya a harshena ba. Har na fara tunanin wace riga za ka sa.

Rana ta karkata, inuwar labule ta kai ƙafata. Ban motsa ba tun fitarta. Ƙofar ɗakin kwana nake kallo. A rufe take. Matar ba ta shiga can ba, ni kuma ban taɓa rufe ta ba, ka san ba na son ɗaki a rufe...

Na gaji, Dogo. In kai ne a ciki, ka fito mu yi magana. In ba kai ba ne... a bar ni in ɗan zauna tukuna.