Yatsan da Bai Yi Kanta Ba

Tsohon kafinta ya daɗe yana ganin layi ɗaya ya zama biyu, har ya yanke ƙofar mutane a karkace. Likita ta ce ƙwayar idonsa ce ba ta zagaye daidai ba. Ta ba shi ɗan gilashi mai laushi kamar ɓawon albasa, wanda ake mannawa a ido.

"Baba, akwai mai taya ka sawa a gida?" ta tambaye shi.

"Ni yaro ne?" ya ce.

Da safe ya wanke hannu, ya zauna gaban madubin marigayiya matarsa. Sai dai yatsunsa sun yi kanta, ba sa jin abin. Ya kai shi ido, ya zame. Ya laluba kumatu, ya laluba gemu.

"Ke, zo ki duba mini," ya ce, yadda ya saba kiran matarsa in garin katako ya faɗa masa a ido.

Ɗakin ya yi tsit.

Can ya tsinto shi a wuyan riga, ya wanke da ruwan maganin da likita ta ba shi, ya ɗora a ƙaramin yatsa, wanda aiki bai ci ba. Sai ya shiga. Ya ƙifta, gefen madubin ya dawo layi ɗaya.

Ya waiwaya zai ba ta labari, ya tuna ba ta nan. Sai kawai ya ɗauki zarto ya fita.